Bashin Haraji a Kasuwar Dantokpa

Ɗan kasuwar Zongo a Kwatano bai cika gudun harajin bana ba. Abin da ke hana shi barci shi ne na bara da na bara waccan, wanda tara ta hau kansa har jela ta fi jiki tsawo.

Galibin bashin nan yana da asali. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Seme ba sai Disambar 2020. Dantokpa kuwa, duk girmanta, da masu saye daga Legas da Kano take numfashi. Wata goma sha shida kaya na jibge, kuɗin rumfa na tafiya, harajin sana'a bai tsaya jiran kowa ba. Kafin wannan ma gobarar 2015 ta riga ta cinye jarin mutane da dama.

Hukumar haraji tana da gaskiya: ƙasa ba ta gudana da alkawari, kuma akwai attajiran da ke fakewa a bayan talaka. Amma garƙame shago da kwaɗo hukunci ne mai cin kansa, domin rufaffen shago ba ya biyan ko dala. Da za a yafe tarar, a raba uwar kuɗin wata-wata, da baitulmali ya fi samu.

'Yan Zongo ma da nasu laifin. Fatake da yawa har yanzu a ka suke riƙe lissafi, rasit kuwa a nannaɗe goro da shi. Ranar da jami'i ya buɗe kundinsa, rantsuwa ba ta tsayawa a matsayin takarda.