FILIN UWARGIDA: Samosa ba sai da nama ba

 

 In lokacin kayan lambu ya zo, dankalin turawa da albasa da karoti sukan cika kasuwa, kuɗinsu ya faɗi. Wata ta yi wahalar ban ruwa wata uku, ga shi tana kallon kayanta suna ruɓewa a ɗaki. Shi ya sa yau za mu koyi abin da zai mai da kayan nan abinci mai daraja, wato samosa.

Da yawa cikinmu sun san samosa a birni, lokacin azumi, da nama a ciki. Sai muka ɗauka abincin masu kuɗi ce. Ba haka ba ne.

Samosa tsohon abinci ce. Matafiyin nan Ibn Batuta, wanda ya sauka Takadda ta ƙasar Ayar a 1353, ya ba da labarin ya gan ta a fadar sarkin Dalhi, cikin ƙasar Indiya. Ta sarki da nama aka yi ta. Amma a Indiya akwai mutane masu yawa da ba su cin nama ko kaɗan. Su da dankali da kayan yaji suke cika tasu. Irin tasu za mu yi.

Ga abin da za ki tanada: garin alkama kofi 2, man gyaɗa, gishiri, dankalin turawa 4, albasa 1 babba, karoti 1, dafaffen wake rabin kofi, tafarnuwa, citta, tonka, da kori cokali 1. Kori shi ne garin yajin nan rawaya da ake saidawa a tebur. Haɗi ne na kayan ƙamshi, gangamau ne ke ba shi launi.

Da farko ki wanke hannu da sabulu. Ki zuba garin a kwano, ki sa gishiri kaɗan da mai cokali 4. Ki murtsuke da yatsu har man ya shiga garin ko'ina. Wannan ne ke sa ɓawon ya yi ƙarmas-ƙarmas. Sannan ki riƙa sa ruwa kaɗan-kaɗan kina cuɗawa. Kwaɓin ya yi tauri, kada ya yi ruwa kamar na fanke. Ki rufe shi da tsumma mai tsabta, ki bar shi rabin awa.

Kafin nan ki dafa dankali da karoti. In sun dahu, ki tsane ruwan sarai, ki yanka su ƙanana. Ki soya albasa da mai kaɗan, ki sa tafarnuwa da citta da tonka. Ki zuba kori ki juya kaɗan, kada ya ƙone, don in ya ƙone ɗaci yake yi. Ki sa dankali da karoti da wake da gishiri. Ki yi ta juyawa har ruwan ya ƙafe. Ki sauke, ki bari ya huce.

A nan ne na yi kuskure ran da na fara. Gaggawa ta sa na cika samosa da haɗi mai zafi, da sauran ruwa a ciki. Ina sa su a mai sai suka fashe. Mai ya fantsamo mini a hannu, gari ya tafi a banza, baƙina kuma suna zaune suna jira. Tun daga ranar ban sake ba. Haɗi ya bushe, kuma ya huce. Ki riƙe wannan.

Yanzu ki raba kwaɓin gida 8. Ki murza kowane da kwalba mai tsabta a kan tire, ya yi faɗi kamar tafin hannu biyu, ba kauri. Ki yanka shi biyu da wuƙa. Ki ɗauki rabi ɗaya, ki naɗe shi kamar mazurari. Ki shafa ruwa a bakin ki manne. Ki zuba haɗi cokali 1, kada ki cika shi fal. Ki shafa ruwa a sama, ki danne sosai ya rufe. Haka za ki samu samosa 16.

Wajen suya kada wuta ta yi yawa. Ki jefa ɗan guntun kwaɓi a mai. In ya taso a hankali, mai ya yi daidai. In mai yana hayaƙi, ki janye itace, don waje zai ƙone ciki bai soyu ba. Ki riƙa juyawa kamar minti 10, har su yi ja. Ki kwashe a matsami su tsane.

Ki kori yara daga bakin murhu, kuma ki sauke goyo kafin ki fara suya. In mai ya ƙona wani, a sa wurin cikin ruwan sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa toka ko ƙwai ko manja. In ƙunar babba ce, a tafi likita nan da nan.

Samosa ba ta son kwana, balle lokacin zafi. Ki yi daidai wadda za a ci ko za a saida a ranar.

In babu karoti, ki sa shu, wato kabeji, ko dafaffen zogale da aka matse. In babu dankalin turawa, na Hausa ma ya yi. Wake kuwa kada ki bar shi, shi ne ke maye gurbin nama wajen gina jikin yara.

Mai son sana'a ta fara da kaɗan ran kasuwa. Ta rubuta abin da ta kashe na gari da mai da itace, ta rubuta abin da ta samu. Ga amfanin yaƙi da jahilci ke nan.

Ku kuma maza da ke karanta jaridar nan, ku karanta wa iyalinku wannan fili. Wadda ta gwada, ta rubuto mana yadda ta ƙare.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.