Kira Ga Hukuma Kan Dattawan da Ke Shan Maganin Tarin Fuka

Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi, Mai Girma Kwamishinan Lafiya, Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura, da iyayen ƙasa hakimai da dagatai: Muna miƙo wannan koke a madadin dattawan Kanya Babba da ƙauyukanta, har zuwa Kazaure, Roni da Gwiwa.

Mun shaida cewa gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a Najeriya, muna kuma godiya. Sai dai wata 6 ake yi ana shan maganin kullum, kuma kuɗin acaba ba kyauta ba ne. Dattijo ɗan shekara 70 da numfashi ke yi wa wuya ba zai jure zirga-zirga zuwa Babban Asibitin Ɓaɓura ko na Kazaure ba. Muna roƙo a riƙa karɓar majinarsa a asibitin mazaɓarsa, ma'aikaci ya kai ta inda na'urar gwajin tarin fuka ta GeneXpert take, a kuma damƙa maganin wata guda ga wani amintacce cikin iyalinsa da aka koya wa sa ido.

Batun abinci shi ne ya fi damunmu, ranku ya daɗe. A wata 2 na farko magunguna 4 ake haɗawa, jikin da ya rame kuwa yana neman abinci mai gina jiki, alhali mai gidan bai iya fita gona ba a wannan damina. Da tari ya lafa, sai tsoho ya ce ya warke, ya ajiye ƙwayar. Daga nan ne ake samun tarin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi tsada ga gwamnati kanta. Jihar da ta fara biyan masu buƙata ta musamman alawus tun 2007 ba za ta gaza ba wa tsoho gero, wake da man gyaɗa na wata 6 ba.

Jikin tsoho kuma ba na yaro ba ne. Cikin magungunan tarin, rifampicin kan mai da fitsari ja, ya kuma rage ƙarfin wasu magungunan suga da hawan jini. Ethambutol kan taɓa gani, isoniazid kan kawo mutuwar tafin ƙafa, sai a ce ai tsufa ne. A umarci ma'aikata su yi wannan bayani da Hausa tun ranar farko, su gwada suga, su bayar da bitamin B6, su kuma ci gaba da duba numfashin dattijo bayan an sallame shi, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Jikokin da ke kwana ɗakin kaka ma a bi su gida a gwada, a ba wanda ya dace maganin kariya.

Ga iyayen ƙasa da limamai: mutane na jin maganarku fiye da ta likita. Ku sanar a masallatai cewa cutar ta iska ake ɗauka, ba ta kwano ba, kuma bayan 'yan makonni na shan magani yadda ya kamata haɗarin yaɗuwa yana raguwa ƙwarai, don a daina ware tsofaffi. Ku kuma tunatar da mai jinya rangwamen da shari'a ta yi masa kan azumi.

Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya ba da umarnin fara waɗannan matakai kafin Ranar Tarin Fuka ta Duniya, 24 ga Maris.