Mu Karanta Tare: Wa Ke Ba Da Labari A Ruwan Bagaja?

  

A wannan wata zancenmu a kan littafi ne, sunansa Ruwan Bagaja. Tun da aka gama aikin kaka muke karanta shi a ajinmu na dare. Fitila tana tsakiya, kowa ya karanta layi biyu ko uku, ya miƙa wa na kusa da shi. Littafin guda ne gare mu, bangonsa ma ya fita, sai da na ɗinke shi da zare.

Wanda ya rubuta shi Abubakar Imam ne. An haife shi a Kagara, cikin Nijeriya, a 1911, ya rasu a 1981. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da ofishin fassara a Zariya, ya nemi malamai su rubuta labarai da Hausar boko, don waɗanda suka koyi karatu su sami abin karantawa. Lokacin Imam yana saurayi, yana koyarwa a Katsina, nan ƙetaren iyaka daga Maraɗi. Ya rubuta nasa ya aika, aka buga. Shi ne kuma daga baya ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939.

To ga yadda labarin yake. Akwai wani mutum, Koje Sarkin Labari. Ba shi da gona, ba shi da garke. Yawo yake gari gari yana tattara labarai, ya kai wa sarakuna da attajirai, su ba shi abinci. Wata rana ya sauka Kwantagora, ya haɗu da wani babban mai arziki, Alhaji Imam. Sai Alhajin ya zauna ya ba shi labarin yadda ya sami dukiyarsa. Ɗan Sarki ne ya kwanta ciwo. Liman, mijin uwar Alhaji, ya ce da za a sami Ruwan Bagaja da yaron ya warke. Sarki ya wulaƙanta Liman a gaban jama'a. Alhaji ya ji zafin abin, ya fita neman ruwan. Ya yi shekaru yana yawon duniya, ya samo, ɗan Sarki ya warke, shi kuma ya zama mai dukiya da daraja.

Ku lura da wannan, don shi ne zancen yau. Daga inda Alhaji ya buɗe baki, kusan duk abin da ke cikin littafin daga bakinsa ya fito. Shi ke cewa na tafi, na gani, na yi. Mu ba mu bi shi hanya ba. Koje ma bai bi shi ba. Mai arziki ne ke faɗin asalin arzikinsa, mai saurare kuwa baƙo ne wanda cin abincinsa ke hannun masu arziki. Kun taɓa ganin baƙon da ya ƙaryata mai masaukinsa, akushi na gabansa?

Ni kaina sau biyu na karanta littafin ban yi wannan tunani ba. Dariya kawai nake sha. Wani dattijo makiyayi ne a ajinmu ya farkar da ni, ranar da muka kai wurin da Alhaji ya yi karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, abokin hamayyarsa.

Abin da ya faru shi ne, Alhaji ya sauka wani gari inda ba mai karatu. Ya mai da kansa babban malami, ana kawo masa sadaka, alhali karatun nasa bai taka kara ya karya ba. Sai ga Zurƙe, ya gane shi, ya nemi tona masa asiri. Aka tara jama'a a gwada su. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa, ya ce Zurƙe ya karanta. Zurƙe ya ɗauka harafi ne, ya faɗi sunan harafi. Alhaji ya ce jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba, su dai wata suka sani, ba su san baƙi ba. Suka ba Alhaji gaskiya, aka kori Zurƙe.

Aji ya fashe da dariya. Dattijon nan bai yi ba. Ya ce, «Malam, mutanen garin nan ai mu ne kafin mu zo nan. Da mu aka yi wa wayo. Shi kuma Zurƙen, wa ya ji ta bakinsa?» Sai wurin ya yi tsit.

Dattijo ya yi gaskiya. Zurƙe yana cikin littafin da yawa, yau ya cuci Alhaji, gobe Alhaji ya rama. Amma ko sau ɗaya ba a ba shi tabarma ya zauna ya faɗa mana nasa ba. Abin da Alhaji ya ce ya faɗa, shi muka ji. Mutanen garin da suka yi ta kai sadakar hatsinsu ga malamin ƙarya, su kam ko sunan ɗayansu ban riƙe ba. Abin dariya ne kawai a labarin wani.

Kada ku ce ina ɓata littafin. Ina sonsa, kuma a ganina nan gwanintar Abubakar Imam take. Bai mai da Alhaji waliyyi ba. Ya bar shi ya faɗi ƙaryarsa da damfararsa da bakinsa, yana dariya. Sai dai da yake shi ke magana, kuma bakinsa da zaƙi, sai ka iske kana bayansa ba ka sani ba. In ya cuci wani, mu ce dabara. In an cuce shi, mu ce mugunta. Har ma marubucin ya sa wa mai ba da labarin irin sunansa, Imam. Wani ɗalibina ya rantse mini cewa mutum guda ne, kuma da gaske ya je ƙasar aljannu. Sai da na yi ta bayani. Mai rubutu daban, mutumin da ya ƙaga ya sa wa magana a baki daban.

Wannan abu ba cikin littafi kaɗai yake ba. Ku je zauren wani mai kuɗi da maraice. Za ku ji ya ce da jika guda ya fara, ya sha rana, Allah ya buɗa masa. Yana yiwuwa gaskiya ne, akwai masu gumi da yawa. Amma wanda ya karɓi bashin damin hatsi guda a hannunsa cikin damina, ya biya biyu da kaka, ba ya cikin zauren. Ko yana nan ma, yana bakin ƙofa, ba zai tanka ba. Haka in shanu sun shiga gona. Wanda ya riga isa wurin mai gari, labarinsa ke fara zama a kunne, manomi ne ko makiyayi. Na biyu sai ya yi ta fama kafin a ji shi. Shi ya sa mai gari na kirki ba ya yanke magana sai ya ji baki biyu.

Da can mu talakawa a labarin wasu muke fitowa, kamar mutanen garin jinjirin wata. Yanzu alli ya shiga hannunmu. Don haka na ba ajinmu aiki, kuma ina ba ku duka. Kowa ya ɗauki takarda ya rubuta layi goma. Ya zama shi ne Zurƙe, an kore shi daga gari, ya zauna gindin itace yana faɗin abin da ya faru. Ko ya zama matar da ta kai wa malamin ƙarya ƙwaryar gero. Kada ku ji tsoron kuskure, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ za mu gyara tare. Dattijon namu ya riga ya kawo nasa, layi shida, kuma Zurƙensa bai yafe ba.

Wanda ya gama ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu, ya aiko mana Dakoro. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A can mai ba da labarin malami ne wanda aka sace yana yaro, uwarsa kuma ta faɗa bauta garin nemansa.

Wanda ya ari Ruwan Bagaja ranar kasuwa, don Allah ya maido, saura mutum bakwai ke jiransa.