Sharhi: Gyara ko sauyawa? Lissafin ƙofar mota da ta lotse a Bauchi bayan faɗuwar naira

Titin da ya fita daga birnin Bauchi zuwa Jos, wanda ya bi ta yankin Shadawanka inda Birged ta 33 ta sojojin atilare ke da bariki, ba ya rabuwa da cunkoso safe da yamma. Keke Napep, babura, motocin haya da manyan motocin kaya duk suna neman wuri a kan kwalta ɗaya, kuma a irin wannan hali gogayya ba ta zama abin mamaki. Yawancinta ba ta kai ga zubar da jini. Abin da takan bari shi ne ƙofar mota da ta lotse, da cacar baki, da masu shiga tsakani suna ba da haƙuri.

Bayan ƙura ta lafa, tambaya ɗaya ke jiran mai mota: ya kai wa mai fanal bita ya buga masa ƙofar, ya shafa fila, ya yi fenti, ko kuwa ya nemi wata ƙofar a kasuwar kayan gyara? A ido ƙaramar tambaya ce, amma amsarta ta haɗa darajar naira, da dokar inshora, da lafiyar duk wanda zai zauna a bayan wannan ƙofa.

Kafin shekarar 2023, mai mota mai matsakaicin hali yakan iya sayen ƙofa 'yar Beljiyam, wato wadda aka ciro daga tsohuwar mota a ƙasashen waje, ba tare da ya shiga wani hali ba. Abubuwa biyu suka sauya wannan lissafi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, sannan a tsakiyar watan Yuni na wannan shekarar Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, ya bar naira ta nemi farashinta. Dalar da ake sayarwa kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Zuwa Disamban 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

A ɗauki misali da ƙofar da ɗan kasuwa ya saya dala 100 a waje. A tsohon farashi naira 46,000 ce, a sabon kuwa naira 150,000, tun kafin a zo maganar jirgin ruwa da kuɗin fito na kwastan, wanda shi ma da farashin dala ake lissafa shi. Daga nan sai kuɗin ɗauko ta daga kasuwar Ladipo a Legas, ko Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, har ta iso Bauchi. Kowane zango da ribarsa.

Aikin mai fanal bita shi ma ya yi tsada, domin fenti da fila da sinadarin tsinka fenti sun dogara da kayan da ake shigowa da su. Sai dai babban kason kuɗin gyara ladan hannu ne, wanda da naira ake biya, kuma bai bi dala gudu ba. Wannan ne ya sa tazarar da ke tsakanin gyara da sauyawa ta faɗaɗa, jama'a kuma suka karkata ga gyara.

Akwai abin tunani ga mazauna Bauchi a nan. A birnin ne aka kafa kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci, ɗaya daga cikin masana'antu shida da Gwamnatin Tarayya ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin waje a shekarun 1970, tare da Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, ANAMMCO a Enugu, Leyland a Ibadan da NTM a Kano. Burin wancan lokaci shi ne a fara da harhaɗawa, a kai ga ƙera sassan mota a gida da ƙarfen Ajaokuta. Masana'antar ƙarfen ba ta kammalu ba, yawancin kamfanonin kuma suka durƙushe. Sakamakon haka titunan ƙasar suka cika da motocin da aka yi amfani da su a waje. Wani rahoto na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Ƙasar da ke hawa motocin da wasu suka gama da su, dole ta dogara da ƙofofin da wasu suka cire.

To sai dai kuɗi kaɗai bai kamata ya yanke hukunci ba, kuma dalilin yana cikin ƙirar ƙofar. Abin da ido ke gani daga waje siririn ƙarfe ne da aka lulluɓe ƙofar da shi. A bayansa akwai ƙashin ƙofar, da injin ɗaga gilashi, da wayoyin lantarki, da makulli, da hinjin da ke riƙe ta a jikin mota. Akwai kuma wani ƙarfe mai ƙwari da aka gitta a ciki daga wannan gefe zuwa wancan, wanda aikinsa shi ne tare bugu idan wata mota ta yi karo daga gefe. Tun daga 1973 dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci wani mizani na ƙarfin ƙofa, a shekarun 1990 kuma aka ƙara da gwajin karo daga gefe. A wasu motocin na baya-bayan nan, na'urar da ke umartar jakar iska ta gefe ta buɗe ma a cikin ƙofar take.

Muhimmancin wannan ƙarfe a bayyane yake. Idan karo ya zo ta gaba, inji da duk gaban mota sukan shanye wani ɓangare na ƙarfin bugun kafin ya iso ga direba. Idan ta gefe ne, babu komai tsakanin haƙarƙarin mutum da motar da ta buge shi face kaurin ƙofa.

Da wannan ma'auni, akwai lotsewar da gyara ya fi dacewa da ita ta kowace fuska. Idan bugun ya tsaya a ƙarfen waje, ƙofar na buɗewa tana rufewa ba tare da an ɗaga ta ko an banka ta ba, gilashi na hawa yana sauka, kuma tazarar da ke tsakaninta da jikin mota daidai take ta ko'ina, babu dalilin sayen wata. Ƙwararren mai fanal bita zai cire rufin cikin ƙofar, ya turo lotsewar daga ciki, ya daidaita ta da guduma. Idan fentin bai fashe ba, wani lokaci ko sabon fenti ba a buƙata. Irin wannan gyara ya bar wa mota ƙofarta ta asali, wadda ta fi kowace zama daidai a mazauninta.

Akwai kuma lotsewar da gyara ke zama rufa-rufa a kanta. Idan ƙarfen kariya ya lanƙwashe, ko ƙashin ƙofar ya karkace, ko wurin makulli ya yage, miƙewa ba ta mayar da ƙarfin da ya tafi. A garejin da yawa ana gasa ƙarfe da wutar kabaid don ya yi laushi a miƙe shi, alhali zafi mai tsanani na rage ƙwarin irin ƙarfen da ake yin sandar kariya da shi, shi ya sa kamfanonin ƙera motoci ke umartar a sauya ta maimakon a miƙe. Wutar kuma na ƙona rufin da ke hana tsatsa, sai damina ta zo ruwa ya taru a ƙasan ƙofa ya ci ta daga ciki. Fila kuwa an yi ta ne don cike ƙananan ramuka da siririn shafi. Idan aka labta ta da kauri don ɓoye abin da guduma ta kasa, zafin rana da gargadar hanya sukan tsattsaga ta. Mafi muni shi ne makullin da ba ya kamawa sosai, domin ƙofar na iya buɗewa a lokacin haɗari ta watso mutum waje.

Abin lura kuma shi ne bugun da ya wuce ƙofa ya taɓa ginshiƙin da take rataye a jikinsa, ko dokin ƙofar daga ƙasa. A nan sauya ƙofa kaɗai ba zai wadatar ba, domin sabuwar ma ba za ta zauna daidai a kan karkataccen mazauni ba.

Ita ma ƙofa 'yar Beljiyam ba a sayenta ido rufe. Da yawa daga motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shafa ake ciro su, wasu kuma an taɓa gyara su an yi musu fenti. Wajibi ne a duba cikinta, a tabbatar shekarar ƙirar ta dace da ta motar, a kuma san cewa wayoyi da maɓallan ƙofar motar da aka ƙera don Ingila ko Japan, inda sitiyari ke dama, kan bambanta da na motocin da ake hawa a nan. Ƙofar da farashinta ya yi araha fiye da kima kuma ba a san asalinta ba, tana iya zama ta motar sata.

Tambayar wa zai biya ita ce ke tura mutane da yawa ga zaɓin da bai dace ba. Daga 1 ga Janairu, 2023, Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar da doka ta wajabta wa motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga diyyar ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Na Keke Napep naira 5,000 ne, da diyyar da ta kai miliyan 2. Rundunar 'yan sanda ta fara tilasta mallakar wannan inshora a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairu, 2025.

Ma'anar wannan ita ce idan wani ya buge maka ƙofa kuma laifinsa ne, kamfanin inshorarsa ne ya kamata ya biya, kuma diyyar ta isa sayen ƙofar yawancin motocin da ke kan titi. Amma a zahiri, direbobi da dama na ɗaukar takardar a matsayin abin nuna wa jami'ai a shingen bincike kawai, wasu kuma ta bogi aka haɗa musu ba su sani ba. Don haka ake sasantawa a bakin titi, mai keken da ke neman balas ɗin yini ya yi alkawarin abin da zai iya, mai mota kuma ya karɓi gyaran da kuɗin ya isa. Ita wannan inshora ba ta biyan ɓarnar motar mai ita. Wadda ke biya ita ce cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ƙayyade kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Ga masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini, hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma akwai kamfanonin da ke gudanar da shi.

Matsalar ba ta tsaya kan mai motar na yau ba. Motar da aka rufe ɓarnarta da fila gobe za ta koma hannun dillalai, mai saye ya biya kuɗin lafiyayya. Tsohuwar dabarar masu sayen mota na nan da amfaninta: a bi jikin ƙofar da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri, sai dai idan ƙofar ta alminiyam ce. Bayyana aibin kaya ga mai saye haƙƙi ne da addini da al'adar kasuwa suka yi tarayya a kai.

Hukumomi ma na da nasu kason. Binciken da jami'an VIO da na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke yi a kan titi ya fi karkata ga takardu, tayoyi da fitilu. Ƙofar da ake ɗaurewa da igiya, ko wadda sai kwandasta ya buɗe ta daga waje, ta cancanci kulawa irin wadda ake ba tayar da ta suɗe, musamman a motocin haya da ke jigilar fasinjoji tsakanin Bauchi da Jos, Gombe da Kano. Ƙungiyar kanikawa ta NATA, tare da Hukumar Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa da manyan makarantun fasaha irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, za su iya shirya gajerun horo ga masu fanal bita kan ƙarafan motocin zamani. Sana'ar da aka koya a kan Peugeot 504 tana buƙatar ƙarin ilimi kafin a taɓa motar da ke da na'urori a cikin ƙofa. Kamfanonin inshora kuma ba za su samu amincewar jama'a ba sai ranar da direba a Bauchi ya ga maƙwabcinsa ya karɓi diyya cikin 'yan kwanaki ba tare da wahala ba.

Kafin wannan lokaci, mataki mafi sauƙi yana hannun mai mota. Kada ya yi ciniki da mai gyara, kada kuma ya amince da sulhun bakin titi kan wani adadi, sai an cire rufin cikin ƙofar ya ga ƙarfen kariya da makulli da idonsa. Aikin 'yan mintuna ne. Idan lafiyarsu ƙalau, ya gyara ya adana kuɗinsa. Idan sun taɓu, ya nemi wata ƙofar, ko da zai jira wata guda yana tara kuɗin, ko da kuma launinta zai bambanta da na motar har sai ya samu na fenti.