Ɗan Tsakon Da Bai San Uwarsa Ba

Mai karatu, ka taɓa lura da yadda 'yan tsaki ke bin uwarsu suna tsattsagar ƙasa, har da kashinta? Mu dai ƙazanta muke ganin abin, amma ta wannan hanya ɗan tsako ke samun ƙananan ƙwayoyin halitta masu amfani da za su zauna a hanjinsa, su taimaka masa wajen narkar da abinci, su kuma tare wa masu cutarwa gurbin zama. Tsakon gidan gona kuwa inji ne ya ƙyanƙyashe shi, bai taɓa ganin uwa ba, hanjinsa kamar gidan da ba kowa ne, duk wanda ya riga shiga shi ne mai gida.

A shekarar 1973 wasu masana biyu na ƙasar Finland, Nurmi da Rantala, suka nuna cewa idan aka ɗura wa sababbin 'yan tsaki abin da ke cikin hanjin lafiyayyar babbar kaza, ƙwayar cutar Salmonella ba ta samun wurin kafuwa. Wannan shi ne tunanin da ke bayan furobayotik, wato ƙwayoyi masu rai irin su Lactobacillus da Bacillus da ake zubawa a abinci ko ruwan kaji. Dangin na farkon ne ke sa nono ya yi tsami ya zama kindirmo.

Amma me ake yi a yawancin gidajen kajinmu? Tun daga ranar farko ake zuba wa lafiyayyun tsaki maganin antibayotik, wai don kada su kamu, su kuma yi saurin girma. Maganin nan ba ya bambance aboki da abokin gaba, duka yake sharewa. Waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai, su hayayyafa, su bi nama da ƙwai da taki su iso gare mu. Bincike ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai, ƙwayoyin cuta da ba sa jin magani sun hallaka mutum kusan miliyan 1.27 a duniya. Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi antibayotik don ƙara girma tun watan Janairun 2006.

A ganina, lokaci ya yi da masu kiwonmu za su bar antibayotik ga kazar da likitan dabbobi ya tabbatar ba ta da lafiya, su rungumi furobayotik don rigakafi. Sai dai kada a ɗauke shi maganin komai. Ba ya hana cutar Gumboro ko Newcastle, wannan aikin allurar rigakafi ne. Kuma tunda abu ne mai rai, zafin rana a shago na iya kashe shi, haka ma ruwan da aka cika wa sinadarin kulorin. Wanda ya bar jiƙaƙƙiyar dusar katako a ƙarƙashin kajinsa, ya cunkusa su ba iska, kuɗinsa kawai ya zubar.

Don haka ina kira ga mai kiwo da ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ya saya. Mu kuma masu cin kaza, mu riƙa tambayar mai sayarwa yaushe aka daina ba ta magani kafin a yanka.