Rikicin Maraɗi da Tasawa a talabijin: da wace Hausa za a yi shi?

Tsakanin shekarar 2005 da 2007 gidajen talabijin na HBO da BBC suka nuna wani dogon wasan kwaikwayo mai suna Rome, kashi ashirin da biyu a zango biyu. Labarinsa shi ne yaƙin basasar da ya ci Jamhuriyar Rum: yadda Yuliyas Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon da rundunarsa a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, ya karya Pompey a Farsalus, aka taru aka soke shi a zaman majalisa a shekara ta 44, sannan magadansa suka koma cin naman juna har Oktabiyan ya rage shi kaɗai. An sake gina birnin a filin shirya fim na Cinecittà, aka zuba dukiya har tsada ta sa aka taƙaita shirin. Amma harshen mutanen bai sayu da kuɗi ba. Latin ba ta da sauran masu tsotsonta a nono, don haka Kaisar ya yi Ingilishin manyan gidajen Ingila, ƙananan sojoji da ƴan kasuwa suka yi irin na talakawa, Latin kuwa ta tsaya a rubutun bango da addu'o'in tsafi.

Ƙasar Tasawa da Maraɗi tana da labari irin wannan, kuma harshen da aka yi rikicin da shi yana nan da ransa. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar tsoffin sarakuna suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa musu sabuwar fada a Maraɗi. Magajinsa Rauda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Gobirawa kuma suka zo suka kafa Tsibiri a gefen Maraɗi. Ɗan Baskore ya riƙe sarautar sama da shekara ashirin yana kai wa Katsina hari, har ya rasu a 1875. Daga nan gida ya rikice. Sarakuna suka riƙa hawa suna sauka, ƴaƴan sarki kowa da magoya bayansa cikin manyan fada huɗu masu naɗi da tuɓewa, wato Ƙaura da Durɓi da Galadima da Ƴandaka. A ƙarshe shugaban mayaƙa, Ƙaura Hasau, ya fi ƙarfin waɗanda ya kamata ya yi wa biyayya, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi wajen 1897 ya koma Tasawa. Gida ɗaya ya zama fada biyu, kuma haka abin yake har yau.

Wanda ya kalli Rome zai gane wannan ƙirar nan take: jarumin da aka ba rundunar ƙasa ya juyo da ita cikin gari, majalisar dattawa tana ganin ita ke juya shi alhali shi ke juya ta. Sai dai na Tasawa yana da wani babi na daban. A Yulin 1899 ayarin Voulet da Chanoine, bayan ɓarnar da ya yi a Birnin Ƙonni da garuruwan hanya, ya iso wannan yanki ya yi nasa yaƙin basasar. Ran 14 ga wata Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya karɓe ragama, a Dankori; cikin kwana uku sojojinsu suka yi musu tawaye suka kashe shi da Chanoine. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ya kamata a yi wannan wasa, kuma abin da ya shafi ɗaliban harshe a ciki shi ne bakin da za a yi shi da shi. An riga an ga inda sakaci ke kaiwa. Fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ba Hausa ce ta ɗauki nauyin maganarsa ba. Fim ɗin Amina na 2021 ya sa sarauniyar Zazzau Ingilishi. Haɗarin da ya fi kusa a yau kuwa na cikin gida ne: kunnen masu kallo ya saba da Hausar finafinan Kano da ta fassarar finafinan Indiya, har mai shirya wasa a Maraɗi zai iya jin cewa sarki ba ya yin kwarjini sai da Kananci, ya bar karin harshen yankin ga wawan fada da baƙauye. A Ingila an daɗe ana auna matsayi da lafazi, shi ya sa dabarar ta zauna wa Rome. A Maraɗin Ɗan Baskore kuwa sarki da manomi kari ɗaya suka tashi da shi. Abin da ya raba su shi ne ladabin fada, da kirari, da wanda ke magana da wanda ake yi wa magana ta bakin wani.

Saboda haka Bagobirin Tsibiri a wasan ya ce munka tahi, ya ce rigas sarki ta, ya ce gidanai da ɗiyatai, ya hwaɗi abin da zai hwaɗi. Bakatsinen Tasawa, wanda ayarin Abzin da fataken Damagaram ke sauka a ƙofarsa tun kafin Barth ya ratsa garin a Janairun 1851, a ba shi nasa bakin, kada a ara masa na Tsibiri don kawai dukansu ƴan jihar Maraɗi ne. Mai kallo a Mayahi zai ji bambancin tun jimlar farko, kuma ba zai yafe ba. Fitar da iyakokin waɗannan siffofi ƙauye bayan ƙauye a kwarin Gulbin Kaba aiki ne na mai na'urar ɗaukar murya da haƙurin zama da tsofaffi, kuma ya isa kundin digiri fiye da ɗaya.

Sai maganar kalmomi, inda kuskure ya fi saurin shiga. Mutumin 1880 bai san lakwal ba, bai san lokotoro ko kwamandan ba. Waɗannan da Faransawa suka zo. Haka soja da oda da gwamna, da Ingilishi suka shigo. Yana da barde da ɗan lifidi, da sulke da kwalkwali da kansakali. Yana ƙirga wuri da zambar, dubu ashirin kuma ya ce keso. Tsaftace rubutun wasan daga aron da bai kai lokacinsa ba abu ne mai yiwuwa. Abin da ya fi wuya shi ne a samo yadda bafade ke yi wa sarki musu ba tare da ya ce a'a ba, da yadda Iya, wadda ke shugabantar matan gari da ƴan bori a fadar Maraɗi, ke ba da umarni. Wannan ba ya cikin ƙamus. Yana bakin makaɗan fada da zabiyoyi, da kuma irin muryoyin da cibiyoyin IRSH da CELHTO suka adana a Yamai.

Dabara biyu ta Rome sun cancanci aro. Ta farko, an ba da labarin manya ta idon ƙananan sojoji biyu, Vorenus da Pullo, waɗanda Kaisar ya ambata a taƙaice cikin littafinsa na yaƙin Gol. A nan ma manomin ƙasar Mayahi da aka kwashe wa hatsi, ko baiwar da aka kamo a hari, sun fi ɗan sarki ganin abin da rikicin ya ci. Ta biyu ita ce mai shelar dandali da ke sanar da jama'a labari yadda mai mulkin ranar yake so. Hausawa ba su buƙatar ƙirƙiro shi, sankira yana nan, kuma yadda kirarinsa zai sauya daga wannan naɗi zuwa na gaba darasi ne a kan harshe da mulki.

Masu adawa da wannan shawara suna da hujja mai nauyi. Kaisar ba shi da jikan da zai kai ƙara. Mijinyawa da Ƙaura Hasau suna da zuriya masu rawani da masu ƙuri'a, kuma duk wanda wasan ya nuna a matsayin maci amana kakan wani ne. Akwai kuma bauta da bori, waɗanda gidaje da yawa suka fi son a bar su a rufe. Sai dai Nijar ta taɓa gwada irin wannan: André Salifou ya rubuta wasa a kan makircin Damagaram na 1906, Mahamane Bakabé ya mai da shi fim, ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo kuma sun shekara suna taɓa masu iko da Hausa a talabijin ɗin ƙasa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a tattara ruwayar fadar Maraɗi da ta Tasawa da ta Katsina, a bar saɓaninsu ya fito a bakin ƴan wasa, kowane ɓangare da karinsa da hujjarsa.

Tun Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, kuma nan gaba za a tambayi wace Hausa ce za a riƙa ji a talabijin. Sashen harshe na Jami'ar Abdou Moumouni da masu nazari a Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankulodo ta Maraɗi suna iya fara amsawa da ƙaramin aiki: jerin kalmomin fada da na yaƙi da na kasuwa, da muryoyin dattawan Tasawa da Maijirgi da Mayahi da aka rubuta yadda suka furta, tun waɗanda suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna iya ba da shi.