Masu Gyaran Gida, a Tuna da Sanyin Daɓe

Duk shekara idan hunturu ya gabato, 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun sukan aika da kuɗi gida don a gyara wa iyaye ɗakuna. A Madalla, nan gindin Dutsen Zuma, gyaran kusan iri ɗaya ne: a fasa tsohon daɓe a shimfiɗa tayil, a kafa tagar gilas, a buga kwano. Ɗaki ya yi kyau a hoto, mai aiko da kuɗi ya yi murna. Tsohuwar da za ta kwana ciki kuwa ba wanda ya tambaye ta.

To, tayil sanyi gare shi. Gaskiya ne Madalla ba Jos ba ce, amma asubahin Disamba da Janairu ya isa ya hana mai ciwon ƙafa sakat. Sai ta jawo kasko ta zuba gawayi, ta rufe ƙofa da taga ruf. Nan ne haɗarin yake, domin gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Ɗakin dā iska tana ratsa shi ta jinka da ƙyaure. Na yanzu kuwa kamar gwangwani yake.

A ƙasashen Turai, idan za a gyara tsohon gida, akan ɗaga daɓe a shimfiɗa abin da ke tsare zafi, a jera bututun roba, a rufe da siminti, sa'an nan ruwan ɗumi ya riƙa zagayawa ciki. Ba a barin zafin daɓen ya wuce digiri 29. Mutanen Koriya sun daɗe da irin tasu dabarar, watau ondol, inda hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashin daɓe ya fita waje. Kai, ko Bahaushe ma ai yana da gadon ƙasa wanda ake hura wa wuta daga ƙasa, musamman don mai jego.

Amma kada wani ya ga haka ya ce sai ya yi na Turawa a Madalla. Ɓarnar kuɗi ce. Sanyin bai fi na wata biyu ba, wutar lantarki ba ta da tabbas, idan kuma bututu ya fashe sai an farfasa ɗakin kafin a gano wurin.

Abin da ya kamata mai sauƙi ne. Bangon ƙasa mai kauri, idan bai tsage ba, a bar shi a yaɓe shi, don yana riƙe zafin rana ya sako shi da dare. Kwano kada a buga shi ba silin. Ɗakin tsofaffi a bar masa daɓen siminti da darduma da gado mai tsawo, tayil ya tsaya a falo. A kuma gaya wa magini ya bar 'yar kafar iska a sama, wadda ba a toshewa ko da daren da aka fi sanyi.